Hannun Sabuwa a Cikin Gora

Ni dai har gobe ban ga laifin da hannun hagu ya yi wa mutane ba. Wanda ya halicci dama shi ya halicce shi, kuma ko tuwo za ki tuƙa sai ya riƙe miki tukunya. Amma a Taba, shekarar da sojoji suka komo daga yaƙin Bama, na ga an yanke wa hannun yarinya 'yar shekara shida hukunci, ba alƙali ba shaida, a gidan da ba a fashin salla. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake faɗa.

Sunana Lantana. Danga ɗaya ta raba gidanmu da na Iliyasu masassaƙi, dangar ma akwai wata ɓaraka da muke bi mu mata in za mu ari wuta ko rariya. Iliyasu yana sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da kujerun mata a rumfar ƙofar gidansa, ya ɗora wa jaki ya kai kasuwar Maƙarfi. Duk abin da gizago ya zubar kuwa na yara ne. Da hantsi za ki gan su sun baje a gindin rumfar, kowa ya tara nasa a gaba, guntun kirya, ɓallin kaɗanya, 'yan siraran da ke faɗuwa in ana gyaran taɓarya. Su haɗa su da ƙayar aduwa da ƙaro da zaren rama. Yawancinsu abin da suke haɗawa sai mai shi ya gaya miki ko mene ne. Ɗana ya taɓa kawo mini wani abu ya ce doki ne, na juya shi gaba da baya, na ce masa to Allah ya ba dokin lafiya.

Na Sabuwa, 'yar Iliyasu, ba ya bukatar bayani. In ta haɗa jaki za ki ga kunnuwansa da mangalarsa. Ta haɗa mace tana daka, in kika taɓa bayanta taɓaryar ta sauka cikin turmi. Sau ɗaya aka je da ita fadamar Kudan ta ga injin matse rake da dokin da ke zagaya shi, ta dawo ta haɗa nata, doki ya zagaya, har manya suka tsaya kallo. Duk wannan da hagu take yi. Dama ta riƙe, hagu ta soka ƙaya, ta ɗaura zare, ta shafa ƙaro. Uban ba ya ce mata komai, amma na sha ganin in guntu mai kyau ya faɗi, sai ya tura mata shi da ƙafa yana kallon wani wuri.

Ba ya ce mata komai ne don 'yar fari ce. Tun da aka yaye ta kakarta, Iya Uwaliya, uwar Iliyasu, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Uwarta Zulai ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta, ba ta sa baki a sha'aninta, sai dai ta ce "yarinyar nan" ko "'yar Iya". Ita ma Sabuwa Yaya take ce wa uwarta. Haka muka taso muka tarar, kunyar ɗan fari, kuma matar da ta fi iya kau da kai ita ake yabo.

Iya ta daɗe da sanin jikarta bahaguwa ce. Takan ɗan buge hannun in an zauna cin tuwo, yarinya ta sauya, magana ta wuce. Abin da ya ɓata lamari baƙuwa ce. Bayan babbar salla wata 'yar'uwar Iya mai suna Fatsuma ta zo yawon salla daga Ikara, mace mai ji da kanta, irin waɗanda ke kallon mutanen ƙauye ta wutsiyar ido. Ina wurin, na shiga gaishe ta. Ta kwance bakin zane ta miƙa wa Sabuwa guntun mazarƙwaila, yarinya ta durƙusa ta kawo hagu.

Fatsuma ta janye hannunta. "A'a! Uwaliya, bahaguwa kike kiwo a ɗaki? Hannun tsarki za ta miƙo mini?"

"Yarinta ce," in ji Iya, tana dariyar yaƙe.

"Yarinta? Mu a Ikara tun ana goye ake gyara wannan. Wa zai ci tuwon bahaguwa? Gobe in ta girma ba ita za a zaga ba, cewa za a yi wace tsohuwa ce ta raine ta."

Na ga fuskar Iya ta canza.

Washegari aka naɗe hannun da tsumma aka ɗaure. Kafin azahar Sabuwa ta kwance shi da haƙori, aka same ta a rumfa tana haɗa raƙumi. Iya ta ɗauko wata 'yar gora, ta yanke wuyanta daidai shigar hannun yaro, ta huda bakin, ta cusa hannun ciki ta ɗaure a wuyan hannu da igiyar rama. Wannan ma bai daɗe ba. Yarinya ta goga igiyar a kaifin guntun kirya har ta tsinke, don raƙumin bai samu ƙafafun baya ba tukuna.

"Ni za ki gwada wa taurin kai?" in ji Iya. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Fatar ragon layya na nan shanye a kan danga. Ta yanko siririya, ta jiƙa ta a ruwa har ta yi laushi, ta zura ta a hudojin gorar, ta zagaya wuyan hannun, ta ƙulle tam. Ɗanyar fata haƙori ba ya cin ta, kuma kowa ya san abin da take yi in ta bushe. Jan jikinta take yi.

Da farko Sabuwa ta ɗauka wasa ne. Ta fita rumfa tana kaɗa gorar, yara suna bin ta suna "mai gora, mai gora". Ta zauna ta ce za ta ƙarasa raƙuminta da dama. Ta danne guntun da gorar, ya zame. Ta danne da gwiwa, ƙaya ta soke ta a yatsa. Ƙafar da ta samu ta liƙa ta fito a karkace, raƙumi ya kife. Yaran da jiya suke roƙonta ta haɗa musu nasu suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Ta kwashe guntayenta a zane ta koma cikin gida.

Rana ta buɗe, fata ta fara bushewa. Ta ɓarakar danga nake jin muryarta.

"Iya, yana cizo na."

"Zai daina."

"Iya, ki ɗan sassauta, wallahi ba zan ƙara ba."

"Haka kika ce wancan karon."

Da abin ya ci gaba ta daina cewa cizo, ta koma cewa tururuwa na yawo a ciki. Iya ta ce kukan gata ne, yarinya ce da ba a taɓa hana ta abin da take so ba. In ta yi kuka da yawa a ba ta fura da nono, a ce ta yi shiru kada maƙwabta su ɗauka yanka ta ake yi. Ba zan ce Iya ba ta son jikarta ba. Ita ke mata wanka, ita ke mata kitso, naman miyarta ma ita take tsame wa. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi, don da ƙiyayya ce da an san ta inda za a ɓullo mata.

Na shiga na gaishe ta, muka gama gaisuwa tsaf, sannan na ce, "Iya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Damtsen yarinyar nan ya fara kumbura. A kwance a duba, in ya so a mayar."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Lantana, ke kika haife ta?"

"A'a, Iya."

"Ke za ki zauna da ita in ta girma ana nuna ta da baki? Uwarta ma da ta haife ta ga ta can ta san kunya ta yi shiru, sai ke mai shiga sharo ba shanu. Gata nake mata. In na kwance yau, wahalar da ta sha ta tashi a banza ke nan."

Na fita na sami Iliyasu a rumfa yana fafe turmi. Na tsaya daga gefe na ce, "Malam Iliyasu, kai da kake ɗaure ƙotar gizagonka da ɗanyar fata, ka fi kowa sanin yadda take kama itace in ta bushe. Hannun yaro ya fi itace tauri ne?"

Bai ɗago ba. "Ina ni ina maganar 'yar fari, Lantana? Na ba Iya ita, halak malak. In na je na ce ta kwance, na ce ba ta iya riƙo ba ke nan. Ita ta raine ni, ga ni ban mutu ba."

"Ko ka ɗan leƙa ka gani?"

"Sha'anin mata ne," ya ce, ya ci gaba da sara. Na lura saran ba ya faɗa inda yake nufi.

Zulai kuwa na same ta tana daka, hawaye na zuba cikin turmi tana cewa ƙaiƙayi ne ya faɗa mata a ido. Na ce mata ni ba baƙuwa ba ce.

"Yaya Lantana, ya zan yi?" ta ce ƙasa-ƙasa. "In na buɗe baki a ce 'yar gidan wane ba ta da kunya, ta yi magana a kan 'yar fari. Har garinmu sai labari ya kai. Jiya ta zo ta tsaya a bakin ɗakina ta ce, Yaya, ki cire mini. Na ce ta tafi wurin Iya. Da bakina na faɗa."

Na karɓi taɓaryar na taya ta dakan.

Daga nan sai kukan ya tsaya. Sabuwa ta ce hannun ya yi barci, ba ta jin komai. Iya ta yi murna har da leƙowa ta danga ta kira ni. "To mai ba da shawara, kin gani? Ya fara ladabi. Yau da dama ta ci tuwo, da dama ta sha ruwa." Yarinyar na zaune a gindin rumbu, ta jingina kai, guntayenta na ƙulle a zane a gefenta ba ta kwance ba. Leɓenta ya bushe. Na taɓa goshinta na ji zafi rau. Iya ta ce zazzaɓin sauyin iska ne, ta dafa mata sassaƙen maɗaci.

Ƙudaje ne suka fara tona asiri. Duk inda ta zauna sai su taru a bakin gorar. Sai wari ya biyo baya, irin wanda ba a iya ɓoyewa da turaren wuta. Iya ta ce gumi ne da datti, yara dama haka suke, ta ƙara kwana biyu a cire gaba ɗaya ta huta.

Ranar da Iya ta tafi gaisuwar mutuwa unguwar gabas, da rana tsaka, na ji Zulai na kirana da wata murya da ban san ta da ita ba. Na bi ta ɓaraka da gudu. Sabuwa na kwance a tabarma tana sambatu, Zulai na durƙushe a kanta da muciya a hannu.

"Riƙe mini ita," ta ce. "Su faɗi abin da za su faɗa."

Ta buga gorar a hankali har ta tsage, muka ɓare ta. Na haifi 'ya'ya, na yi wa gawa wanka, amma sai da na kau da kai. Yatsun sun yi baƙi kamar ɗinya. Fatar ta nutse cikin nama har ba a ganinta, sai da na lalubo ƙullin da bakin wuƙa. Da na yanke, yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Zulai ta ɗauke ta ta rungume, karo na farko tun yaye, tana jijjiga ta kamar jaririya.

A haka Iya ta shigo ta same mu. Ta dubi hannun, na ga ta razana, ta dafa bango. Amma abin da ya fara fita bakinta shi ne, "Zulai, 'yar fari kika rungume a gaban mutane? Ina kunyarki ta tafi?"

Na ce a kai ta disfensare a yau ɗin nan, ko a wuce da ita asibitin Zariya. Aka kira Iliyasu ya shigo, ya ga hannun, ya zauna a ƙasa daɓas.

"Asibitin Nasara?" in ji Iya. "Su da ba su san komai ba sai yanka? Kuma in sun tambaya wa ya ɗaure, ku ce wa? Ku kai ni gaban alƙali da furfurata?"

Na dubi Iliyasu. Na ce in ba za su kai ta ba, ni zan sa maigidana ya gaya wa dagaci.

"Don Allah ki rufa mana asiri, Lantana," ya ce. "Uwata ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai.

Maigidana ya je wurin dagaci, dagaci ya ce maganar cikin gida ce, a sasanta. Aka sasanta a kan wanzami. Aka gaya wa unguwa maciji ne ya sare ta a rumfa wajen tonon guntaye, har wasu suka hana 'ya'yansu zuwa. Wanzami ya zo ya yi tsaga, ya matse, ya shafa man shanu da garin magani ya naɗe da ganye. Ya dawo ya sake. Baƙin ya ci gaba da hawa, zazzaɓi ya ƙi sauka, yarinya ta daina gane mutane. Shi kansa wanzamin, a zuwansa na ƙarshe da ya kwance ganyen, sai ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce wa Iliyasu wannan ya fi ƙarfinsa, in ana son ranta a tashi yanzu.

Sannan ne aka ɗora ta a jaki zuwa tasha, jirgi ya kai su Zariya. Can aka yanke shi daga ƙasan gwiwar hannu. Iliyasu ya gaya wa maigidana likitan ya tambaye shi wane irin maciji ne mai zagaya wuyan hannu, shi kuwa ya ce bai gan shi ba.

Da labari ya iso Taba, Iya ta fashe da kuka a tsakar gida, mata suka taru suna ba ta haƙuri. "Ban faɗa ba?" take cewa. "Na ce kada a kai ta. Da hannunta biyu ta bar gidan nan, Nasara suka yanke mata ɗaya." Mata suka ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Har aka riƙa yi wa Iya sannu fiye da Zulai, don ita Zulai uwar 'yar fari ce, bai kamata a ga damuwarta ba.

Sabuwa ta dawo bayan an gama girbin dawa, ta rame, dungun naɗe da farin ƙyalle. Yara sun koma rumfa da suka ga maciji bai ƙara saran kowa ba. Takan je ta zauna a bayansu tana kallo. Wata rana ɗana na fama da jakinsa kunne ya ƙi zama, na ji ta ce masa, "Ba nan ba, soka ƙayar ta ƙasa." Na ga dungun ya ɗaga da kansa zai nuna masa wurin. Ta dubi dungun, ta ja zane ta rufe.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne, a duk gidan nan babu wanda ya yarda ya yi laifi, kuma kowa da hujjarsa mai kyan ji. Kaka tarbiyya take yi. Uba biyayya yake wa mahaifiya. Uwa kunya take, irin wadda aka koya mata tun tana goye, aka kuma yabe ta a kai. Dagaci rufin asiri yake so. Baƙuwar da ta kunna wutar tana Ikara, ko labari ban sani ba ko ta ji. Duk halayen da muke alfahari da su ne suka taru suka tsaya a kan yarinya ƙarama tana cewa a sassauta, babu wanda ya sunkuya ya duba. Kunyar da za ta hana uwa cewa "ɗana na ciwo" ban san sunan da zan ba ta ba. Kuma ban ji an ce addini ya ce a kashe hagu ba, cewa aka yi a ci da dama.

Ba a daɗe da dawowarta ba na shiga gidan da yamma mayar da rariya, na tarar za su ci tuwo. Iya na zaune a tabarma da akushinta, wanda tun yaye ita da Sabuwa suke ci tare. Zulai na bakin murhu. Sabuwa ta fito daga bayan gida da buta, ta ajiye, ta zuba ruwa ta goga tafinta a kan dutse yadda ta koya wa kanta. Ta zo ta zauna, ta yi bisimilla, ta miƙa dama kamar yadda aka so.

Iya ta riƙe wuyan hannun kafin ya kai ga tuwo.

"Tsaya. Da wane hannu kika yi tsarki?"

Sabuwa ta dubi hannun da ke cikin na kakarta. "Da wannan."

Iya ta sake shi, ta jawo akushin gabanta. "To ba za ki sa mini shi a abinci ba. Zulai, gutsuro mata nata a sakaina, daga yau a ware mata."

Zulai ta kawo sakainar ta ajiye. Yarinyar ba ta taɓa ba. Ta dubi tuwon, ta dubi hannunta, sannan ta ɗago kai, ba kuka ba fushi, tambaya kawai take don a gaya mata yadda ake so ta yi.

"Iya, to da wanne zan ci?"